Daga Rajistar Kara Zuwa Fuskar Waya: Yadda Na'ura Ke Sabunta Jeri Cikin Tattali

Gabatarwa

Kowace ranar Alhamis kasuwar Maigatari takan ci. Tun da hantsi ake ganin shanu da raƙuma da tumaki da awaki suna kwararowa daga Jamhuriyar Nijar da kuma ƙauyukan masarautar Gumel, watau ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kafin la'asar kuwa manyan motoci sun fara lodi zuwa Kano da kudancin ƙasar nan. Duk wannan hada-hada a kan jeri take tafiya: jerin dabbobin da suka shigo kara, jerin waɗanda aka sayar, jerin masu bashi, da jerin buhunan riɗi da zoɓo da aka auna. A da littafi da biro ne kaɗai ke riƙe da irin wannan lissafi. Amma tun da wayar hannu ta yawaita, musamman bayan ƙarancin takardun Naira na farkon shekarar 2023, wani kaso mai yawa na cinikin ya koma kan fuskar waya, inda ɗan kasuwa ke duba jerin saƙonni, da jerin kuɗin da suka shigo, da jerin sunayen waɗanda yake tura wa kuɗi.

Jerin da ke cikin waya ba ya zama wuri ɗaya. Saƙo na shigowa a WhatsApp sai sunan mai shi ya hau sama, sauran su gangara ƙasa. Yadda manhaja ke yin wannan gyara shi ke bambanta wayar da ke tafiya sumul da wadda ke cijewa tana cinye caji, wani lokaci ma shi ke bambanta kuɗin da suka je hannun mai su da waɗanda suka ɓace hanya. Wannan maƙala za ta bayyana dabaru huɗu da masu tsara manhaja ke amfani da su, kuma mai karatu zai ga cewa ɗaya daga cikinsu tushenta ɗaya da binciken ƙwayoyin gado a ilimin halittu.

Wa'adin da ido ya yanka

Hoton da ke fuskar waya tarin ƙananan ɗigogin haske ne. Waya mai matsakaicin farashi takan ƙunshi ɗigo 720 a faɗi da 1,600 a tsawo, jimla ɗigo 1,152,000 ke nan. Yawancin wayoyi suna sabunta wannan hoto sau 60 a kowane sakan, wasu na zamani har sau 90 ko 120. Wannan adadi yana da nasaba da yadda aka halicci idon ɗan Adam. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a tantanin bayan ido suna buƙatar ɗan lokaci kafin su amsa, saboda haka idan hotuna suka biyo juna da sauri, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga motsi guda mai ɗorewa. Hasken da ke ƙiftawa sau 50 zuwa 60 a sakan yawanci ido kan gan shi a tsaye. Wasu ƙudaje kuwa suna iya rarrabe ƙiftawa fiye da sau 200 a sakan, abin da ke taimaka musu wajen tsere wa mai son kai musu mari.

Idan aka raba sakan ɗaya gida 60, kowane hoto yana da kimanin milisakan 16.7, milisakan kuwa shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Wannan shi ne wa'adin manhaja. Duk abin da za ta lissafta, ta shirya, ta zana, dole ta gama shi cikin wannan ɗan taƙi. In ta makara, sai tsohon hoto ya ci gaba da tsayawa, mai waya ya ga jerin yana tsalle ko yana tsinkewa a ƙarƙashin yatsarsa. A tsarin Android, idan manhaja ta kasa amsa taɓawar mai waya har tsawon sakan 5, wayar kan fito da gargaɗi cewa manhajar ta daina amsawa.

A ƙaddara wani magatakarda a kara yana da rajista a waya mai layi 5,000, kuma a ƙaddara shirya kowane layi yana cin rabin milisakan. Aka sayar da bajimi ɗaya, ana so a rubuta “an sayar” a gaban lambarsa. Hanya mafi sauƙin rubutawa ga mai tsara manhaja ita ce ya umarci na'ura ta share jerin kaf, ta sāke gina shi daga farko. Lissafin a bayyane yake: layi 5,000 sau rabin milisakan ya ba da milisakan 2,500, watau sakan biyu da rabi, hotuna 150 ke nan suka wuce ba a zana ba. Wannan daidai yake da magatakardan da zai yage littafinsa ya sāke kwafe shi duka saboda an sayar da sa guda.

Rumbu dabam, taga dabam

Mafitar ta fara ne daga wani tunani da aka tsara a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka. A can aka ƙera na'urar Alto a shekarar 1973, wadda tana cikin kwamfutocin farko da mutum ke sarrafawa ta hanyar hotuna da tagogi a kan allo maimakon rubuta umarni zalla. A shekarar 1979 wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Trygve Reenskaug, wanda ya je cibiyar aikin ziyara, ya rubuta shawarar a raba manhaja kashi-kashi: ɓangaren da ke riƙe da bayanai dabam, ɓangaren da ke nuna su dabam, sa'an nan ɓangaren da ke karɓar umarnin mai amfani.

Za a iya kiran na farko rumbu, na biyu kuma taga. Rumbun shi ke riƙe da dukkan layuka 5,000. Tagar kuwa, watau fuskar waya, ba ta ɗaukar fiye da layi goma ko goma sha biyu a lokaci guda. Idan wani abu ya canza a rumbu, sai ya aika wa taga sanarwa. Dukkan dabarun da ke tafe sun ginu ne bisa wannan rabuwa.

Dabara ta farko: wanke allo

Tun da ido ba ya ganin abin da ke wajen taga, babu dalilin shirya shi. Manhaja mai tattali takan gina layuka kamar goma sha biyu, ta ƙara biyu ko uku na ko-ta-kwana, ta tsaya nan. Idan mai waya ya ja jerin sama, layin da ya fice ta saman taga ba a jefar da shi. Ana ɗauke shi, a share abin da ke kansa, a rubuta masa sabon bayani daga rumbu, a shigo da shi ta ƙasa. Mai kallo yana zaton yana ratsa dubban layuka, alhali layuka goma sha biyar ne kawai ke ta zagayawa.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tsari. Almajiri ba ya sayen sabon allo don kowane darasi. In ya ƙware a wanda ke kai, sai ya wanke, a yi masa sabon rubutu. Jikin ɗan Adam ma haka yake yi. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120, in sun tsufa sai a farfasa su a saifa da hanta, a mayar da sinadarin ƙarfen da ke cikinsu zuwa ɓargo don ƙera sababbi.

A lissafinmu na baya, layi 12 sau rabin milisakan ya ba da milisakan 6 kacal, wanda ya shiga cikin wa'adi har da saura. Jerin wayoyin iPhone yana bin wannan hanya tun farkon fitowarsu, kuma a shekarar 2014 kamfanin Google ya fito da wani kayan aiki na Android mai suna RecyclerView, wanda ma'anar sunansa ita ce tagar da ke sāke amfani da layukanta.

Sai dai dabarar tana da tarko. Allon da ba a wanke da kyau ba, tsohon rubutu kan leƙo ta ƙarƙashin sabo. Idan mai tsara manhaja ya sa an rina layin mai bashi da ja, amma ya manta bai ba da umarnin mayar da launin fari ba yayin da aka sāke amfani da layin, to can ƙasa za a ga sunan wanda ya biya kuɗinsa tsaf yana ɗauke da jan launi. Ƙa'idar ita ce duk layin da ya dawo a cika masa kowane gurbi daga rumbu, kada a bar kome daga tsohon mai shi.

Dabara ta biyu: a taɓa abin da ya canza kaɗai

Idan rumbu ya san ainihin abin da ya canza, aikin ya yi sauƙi, sai ya ce wa taga “layi na 7 ya canza” ko “an cire layi na 2”. Taga ta gyara wannan wuri ta ƙyale saura. Amma sau da yawa ba haka abin ke zuwa ba. Wayar takan karɓo sabon jeri ɗungurungum ta intanet, ba tare da bayanin inda ya saɓa da tsohon ba. A nan dole na'ura ta gano bambancin da kanta.

Alal misali, tsohon jerin lambobin shanu shi ne 11, 12, 13, 14, 15, 16. Sabon da ya iso kuwa 11, 13, 14, 17, 15, 16. Idan aka gwada su gurbi da gurbi, za a ce gurbi na biyu da na uku da na huɗu duk sun canza. Wanda ya lura da kyau zai ga abu biyu ne kawai suka faru: an cire 12, an kuma saka 17 bayan 14. Hanyar gano haka ita ce a nemo jeri mafi tsawo da ke cikin duka biyun ba tare da an sauya tsarinsa ba, a nan shi ne 11, 13, 14, 15, 16. Abin da ya rage a tsohon jeri shi aka cire, abin da ya rage a sabo shi aka ƙara. Da wannan sani taga za ta iya nuna 12 tana ɓacewa, 17 tana kutsowa, sauran suna matsawa a hankali, ta yadda idon mai kallo zai bi abin da ya faru.

Da lambobi shida, ɗalibi zai yi wannan da ka. Da layuka 5,000 kuwa, tsohuwar hanyar lissafi tana buƙatar a zana jadawali mai gida 5,000 sau 5,000, watau gida miliyan 25, a cika kowanne. Wannan ya fi sāke zana jerin tsada.

Inda kwamfuta ta haɗu da ilimin halittu

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin wannan matsala. Bayanin gado da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, jeri ne na sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffan A da C da G da T. Yayin da zuriya ke gudana, wani harafi kan faɗi, wani ya kutso, wani ya musanya. Idan aka ɗauki AGCTTA aka gwada da ACTGTA, za a ga an cire G na gurbi na biyu, an saka wani G a tsakanin T biyu. Wannan shi ne ainihin lissafin shanun da ya gabata, haruffa ne kawai suka maye gurbin lambobi. A shekarar 1970 Saul Needleman da Christian Wunsch suka wallafa hanyar jadawali don gwada jerin sinadaran da suka haɗa furotin na halittu dabam-dabam. A ɗaya ɓangaren kuma, a ɗakunan binciken Bell da ke Amurka, Douglas McIlroy da James Hunt suka samar da manhajar diff a tsakiyar shekarun 1970, don gano layukan da suka bambanta tsakanin rubutu biyu.

A shekarar 1986 Eugene Myers, wanda a lokacin yake koyarwa a Jami'ar Arizona, ya wallafa wata dabara da ta rage wahalar ƙwarai. Ya lura cewa galibi jerin biyu da ake gwadawa sun fi kama da juna fiye da yadda suka saɓa. Saboda haka dabararsa takan fara da tambayar ko babu bambanci ko kaɗan. In bai yiwu ba ta gwada bambanci ɗaya, sa'an nan biyu, har ta dace, kuma duk inda ta tarar da layuka iri ɗaya a jere sai ta zarce a kansu da gudu. Yawan aikinta bai wuce kimanin jimlar tsawon jerin biyu sau yawan bambancin ba. A misalinmu, jeri biyu masu layi 5,000 kowanne sun ba da 10,000. In bambanci goma ne, aikin bai wuce taki 100,000 ba. Idan aka kwatanta da miliyan 25, an rage wahala sau 250.

Shi wannan Myers yana cikin mutum biyar da suka fito da manhajar BLAST a shekarar 1990, wadda masana halittu ke amfani da ita har yau wajen neman jerin gado masu kama da juna. Daga baya ya jagoranci tsara lissafin da kamfanin Celera ya yi amfani da shi wajen harhaɗa jerin gadon ɗan Adam, mai haruffa kimanin biliyan 3, wanda aka wallafa a 2001. A shekarar 2016 kuma aka saka dabararsa ta 1986 cikin kayan aikin Android mai suna DiffUtil. Ke nan akwai manhajoji da dama a wayoyin da ke aljihun mutanen Gumel da Sule Tankarkar waɗanda ke sabunta jerinsu da lissafin mutumin da ya taimaka wajen karanta gadon ɗan Adam.

Dabara ta uku: kowane layi da shaidarsa

Kafin na'ura ta ce layi kaza na tsohon jeri shi ne layi kaza na sabo, sai ta sami abin da za ta gane shi da shi. Makiyayi ba ya gane saniyarsa da cewa ita ce ta uku daga bakin turke, domin shanu suna motsi. Yana gane ta da kamanninta da kuma shaidar da aka yi mata a kunne ko a cinya. Haka kowane layi ke buƙatar lamba tasa ta dindindin wadda ba ta sauyawa ko da ya hau sama ko ya gangara. Suna kaɗai bai isa ba, domin a aji guda a Gagarawa ana iya samun Musa Ibrahim biyu, shi ya sa hukumomin jarrabawa ke ba kowane ɗalibi lambarsa. Kayan aikin React, wanda kamfanin Facebook ya saki a 2013 don gina shafukan intanet, yakan gargaɗi mai tsara manhaja idan ya gina jeri bai ba layukan irin wannan shaida ba.

A nan ne haɗarin ya fi girma. A ƙaddara wani falke ya zaɓi suna na uku a jerin waɗanda zai tura wa kuɗin shanu. Kafin ya danna amincewa, sai sabon suna ya shigo a sama, kowa ya gangara da taki ɗaya. Idan abin da manhaja ta riƙe shi ne “gurbi na uku”, zaɓin ya koma kan wani mutum dabam. Idan kuwa shaidar mutumin ta riƙe, zaɓin zai bi shi zuwa gurbi na huɗu. Don haka ne kuma manhaja mai kyau ba ta barin jeri ya goce a ƙarƙashin yatsar mai karatu: takan riƙe layin da yake kallo a inda yake, ta nuna masa wata 'yar alama cewa akwai sabon abu a sama. Shi ma mai waya ya kamata ya karanta sunan da ya fito a shafin tabbatarwa kafin ya saki kuɗinsa.

Dabara ta huɗu: a tara kaya kafin a kira amalanke

Manomin riɗi ba ya kai buhu ɗaya kasuwa ya dawo ya ɗauki na biyu. Yakan tara su, ya ɗora a amalanke, a tafi sau ɗaya. A yankunan da sadarwa ke zuwa tana ɗaukewa, waya kan wuni shiru, sa'an nan saƙo ɗari su afko a lokaci guda. Idan kowane saƙo ya sa an sāke zana taga, an yi zane ɗari, alhali ido na ƙarshen kaɗai zai gani. Maganin shi ne a ce wa taga ta dakata, a shigar da canje-canjen duka cikin rumbu, sa'an nan a sake ta ta yi zane guda. Tsarin Windows ya daɗe da tanadar wa jerinsa irin wannan umarni na dakatarwa da saki.

Daɗin daɗawa, aiki mai nauyi kamar ɗauko bayanai daga intanet ko lissafin bambanci ba a ɗora shi a kan sashen da ke zana taga da amsa taɓawa. Ana miƙa shi ga wani sashe da ke aiki a bayan fage, in ya gama ya kawo sakamako a taƙaice: cire wannan, saka wancan. Da haka taga ke ci gaba da cika wa'adinta na milisakan 16.7.

Ya kamata a sani cewa ba kowane jeri ke buƙatar waɗannan dabaru duka ba. Jerin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa gajere ne kuma ba ya canzawa, gina shi gaba ɗaya bai da wata illa. Haka nan idan sabon jeri bai haɗa kome da tsoho ba, neman bambanci ɓata lokaci ne, gara a share a sāke. Gwanin mai tsara manhaja yakan auna lokacin da aikin ke ci a kan waya mai araha, irin wadda jama'a ke riƙewa, kafin ya yanke shawara.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami na iya koyar da wannan darasi ba tare da kwamfuta ba. A rubuta lambobi 30 a littafi, shi ne rumbu. A ba ɗalibai biyar alluna ko kwalaye su tsaya a gaban aji, su ne taga. Idan malami ya ce a gangara, na farko ya share allonsa, ya koma ƙarshen sahu, ya kwafi lamba ta gaba daga littafi. Bayan haka a rubuta jeri biyu a babban allo masu bambanci uku ko huɗu, a raba aji rukuni-rukuni, a ga wane rukuni zai mayar da tsohon jeri sabo da mafi ƙarancin cirewa da sakawa. A ƙarshe a maye lambobin da haruffan A da C da G da T, ɗalibai su gane da kansu cewa sun yi aikin da masu binciken gado ke yi.

Kammalawa

Dabarun huɗu sun taru a kan manufa guda, watau kada na'ura ta yi aikin da ba a buƙata: ta shirya abin da ake gani kaɗai, ta taɓa abin da ya canza kaɗai, ta gane kowane layi da shaidarsa, ta kuma tara canje-canje ta zana su sau ɗaya. A inda wutar lantarki ba ta wadata ba, har mutum kan biya kuɗi a shagon caji, kowane zane da aka rage ƙarin rai ne ga batir. Ɗaliban da ke sakandare a masarautar Gumel a yau, waɗanda gobe za su shiga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, su ne suka fi sanin yadda ciniki ke gudana a kara da irin wayar da dillali ke riƙewa. Idan suka haɗa wannan sani da lissafin da aka bayyana a nan, suna da abin da ake buƙata don rubuta wa kasuwanninsu manhajar da ba ta cijewa, ba ta kuma ɗora bashin wani a kan wani.